Daga Yusha'u zuwa littafin soyayya: tarihin wata hanya



Ran Lahadi bayan sujada, wata 'yar zumunta ta tare ni a bakin ƙofa a nan Badariya, ta nuna mini wani littafi a wayarta. Ta ce, "Baba Fasto, an ce labarin Yusha'u ne. Zunubi ne in karanta?" Na ce ta ba ni mako guda. Ga amsar, amma bari mu fara da tarihi.

Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Wato kakanninmu sun karanta labarin Rut da Bo'aza da harshensu tun kafin gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da sauran ƙagaggun labaran farko na boko. Sai a shekarun 1980 littattafan soyayya suka ɓarke a Kano, har aka yi musu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino sun yi suna a wannan fage. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990 mun san yadda ake karɓar aron su hannu da hannu har bango ya yage. Marubutan Musulmi ne, suna rubuta rayuwar gidajensu, mu ma muka karanta domin harshenmu ne.

A Amurka kuwa Kirista sun daɗe da nasu. A 1979 Janette Oke, 'yar Kanada, ta fitar da Love Comes Softly, masu buga littattafan Kirista suka gane akwai masu neman labarin soyayya mai tsabta. Sai Francine Rivers ta zo. Ta yi shekaru tana rubuta soyayya irin ta duniya kafin ta ba da ranta ga Almasihu a 1986. A 1991 ta fitar da Redeeming Love, littafin da 'yar'uwarmu ta nuna mini. Ta ɗauko annabin da ya rayu ƙarni takwas kafin haihuwar Almasihu, ta kai labarinsa Kalifoniya ta 1850, lokacin da jama'a ke tururuwar haƙar zinariya. Gomer ta zama Angel, yarinyar da aka sayar cikin karuwanci tun tana ƙarama. Yusha'u ya zama manomi mai suna Michael Hosea, wanda ya aure ta, tana gudu yana bin sawunta. An sayar da miliyoyin kwafi, aka kuma mai da shi fim a 2022. Esta ma ta sami irin wannan: littafin Hadassah na Tommy Tenney ya fito a 2004, aka yi fim ɗinsa a 2006.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Da Dawuda ya ɗauke matar Uriya, annabi Natan ya je masa da labarin mai arzikin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Sarki ya husata, ya yanke hukunci, sannan ya gane kansa ya yanke wa (2 Sama'ila 12). Labarin da aka sa wa rigar zamani yakan shiga inda wa'azi ya tsaya a ƙofa. Don haka amsata ga 'yar'uwarmu ita ce, karantawa ba zunubi ba ce.

Amma akwai rami a hanyar, na kuwa ga waɗanda suka faɗa. Auren Yusha'u alama ce da Allah ya umarci annabi guda ya yi, domin Isra'ila ta ga rashin amincinta. Ba a ba mu shi a matsayin tsarin neman aure ba. Mai karatu yakan so ya ɗauki kansa Yusha'u, mai haƙuri, mai ceto. A gaskiya mu ne Gomer, Almasihu ne ya biya ya fanshe mu. Na taɓa zama da wata 'yar'uwa da ta nace sai ta auri mashayi mai dukanta tun suna neman aure, tana cewa ƙaunarta za ta sāke shi. Yau tana gidan iyayenta da 'ya'ya biyu. Mai canza zuciya ɗaya ne, kuma ba ke ba ce, ba kai ba ne. Wanda ya karanta littafin, to, ya buɗe Yusha'u sura 1 zuwa 3 ya auna. Surori uku ne gajeru, ba za su ci minti goma ba.

Saura abin da ya fi damuna. Har yaushe za mu riƙa jiran Kalifoniya? 'Yan'uwanmu na ƙasar Zuru sun san golmo, inda saurayi ke yi wa surukinsa noma shekara bakwai kafin a ba shi mata. Wa zai fi su gane Yakubu a gidan Laban, da zafin wayewar gari ya ga Lai'atu maimakon Rahila? Ku duba fadamun Argungu lokacin yankan shinkafa. Gwauruwa baƙuwa tana kala a bayan masu yanka, surukarta tsohuwa tana jira a gida, mai gona kuma ya tsawata wa samarinsa kada wanda ya taɓa ta. Ashe ba Rut ke nan ba? Kuna da waya, kuna da Hausa, kuna da Maganar Allah. Wanda Ubangiji ya ba baiwar rubutu ya fara, ni kuwa na yi alkawari zan duba masa ko ya tsaya a kan Nassi.

Ubangiji ya tsare zukatanmu, ya koya mana ƙauna irin tasa. Amin.