Sarauta a Ƙarƙashin Hadari: Asalin Fareti da Shawagin Jirage a Bukukuwan Sarakunan Ingila

Tun ranar Asabar 6 ga Mayu 2023, da aka ɗora wa Sarki Charles na Uku kambi a majami'ar Westminster, masu bibiyar al'amuran gidan sarautar Ingila ba su daina muhawara ba a kan abin da ya auku a samaniyar Landan bayan azahar ɗin wannan rana; domin kuwa an yi wa jama'a alkawarin jirage fiye da 60 za su ratsa ta bisa Fadar Buckingham, amma da gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, ruwa kuma ya ƙi tsagaitawa, sai hukumar tsaro ta janye galibinsu, aka bar masu saukar ungulu da ayarin Red Arrows kaɗai. Masu gunaguni suna cewa, ta yaya sojan ƙasa dubbai za su jiƙe sharkaf ba wanda ya motsa daga sahu, sa'an nan a ce matuƙan da ke cikin rufaffen jirgi su ne ruwa ya kora?

Shi faretin tuta da ake yi wa sarki duk shekara, asalinsa filin daga ne. A zamanin bindigar albarushi, idan hayaƙi ya turnuƙe har soja ba ya ganin na kusa da shi, tutar rundunarsa ita ce matattara, saboda haka aka riƙa gewayawa da ita a gaban sahu sannu a hankali domin kowa ya shaida ta. Riwayoyi suna kai wannan al'ada ga zamanin Charles na Biyu a ƙarni na 17, ko da yake isnadinsu ba shi da ƙarfi ainun. Abin da aka fi ittifaƙi a kansa shi ne, a 1748 aka fara haɗa faretin da murnar haihuwar sarki, daga hawan George na Uku a 1760 kuma ya zama abin yi kusan kowace shekara.

Wanda ya fuskanci mas'alar yanayi gaba da gaba shi ne Edward na Bakwai, wanda ya hau gado a 1901. An haife shi ranar 9 ga Nuwamba, lokacin da Landan take cikin sanyi da duhu da yayyafi, don haka ya mai da faretin zuwa Mayu ko Yuni. Daga nan al'adar ta kafu, har sarkin Ingila ya zama mai ranar haihuwa biyu, ta haƙiƙa da ta hukuma. Wasu marubuta sukan tsaya a nan, su ce hikimar Edward ta warware matsalar. Ni kam ban ga ta warware ba, domin Yunin Landan ba shi da amana. Mahaifiyarsa Victoria ce mutanen zamaninta suka camfa da cewa rana takan fito duk sa'ad da ta fita, kuma da alama ba ta bar wa zuriyarta wannan gado ba. Waɗanda suka shirya wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a Kaduna cikin Fabrairun 1956 ba su san irin wannan fargaba ba, tun da rani ne, ba wanda ya ɗaga kai duban hadari.

Ranar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce 2 ga Yuni 1953, ranar naɗin Elizabeth ta Biyu. Mutane sun kwana a gefen titi cikin sanyi, gari ya waye a lulluɓe, ruwa ya yi ta zuba a kan jerin gwanon da ya ƙunshi sojoji daga kusan kowace ƙasa da ke ƙarƙashin tutar Ingila a lokacin. Manyan baƙi duk suka sa aka ja musu rumfar keken doki, in ban da Sarauniya Salote ta tsibiran Tonga, doguwar mace mai fara'a, wadda ta hana a rufe nata, ta zauna ruwa yana dukanta tana ɗaga wa jama'a hannu tana dariya, Sarkin Kelantan na ƙasar Malaya yana zaune a gabanta yana shan nasa rabon ba da zaɓinsa ba. Dalilinta shi ne, a ladabin ƙasarta ba a rufe kai a gaban wanda ake girmamawa. Kafin faɗuwar rana ta zama abar ƙaunar Landan gaba ɗaya, har yau kuma, idan ana ba da labarin naɗin nan, da wuya a tsallake ta.

Shawagin jirage kuwa baƙo ne a wannan sha'ani. A 1913 aka fara yi wa George na Biyar a kusa da Aldershot, shekaru biyar kafin a kafa rundunar sojan sama mai zaman kanta ranar 1 ga Afrilu 1918; a Yulin 1935 ya duba jiragenta a Mildenhall da Duxford don cikarsa shekara 25 a kan gado; a Yulin 1953 kuma jirage fiye da 600 suka wuce a gaban Elizabeth a Odiham. Sai dai kusan shekara guda kafin wannan, a Satumban 1952, wani sabon jirgin yaƙi ya tarwatse a sama a wurin nunin jirage na Farnborough, ɓaraguzansa suka faɗa cikin 'yan kallo, mutum 31 suka halaka har da matuƙin da abokin aikinsa. A 2015 kuma wani tsohon jirgi ya faɗo a kan hanyar mota a Shoreham ya kashe mutum 11. Duk hafsan da zai ba da izinin ratsa tsakiyar Landan yana ɗauke da waɗannan ranaku a zuciyarsa. Ga shi kuma jiragen ba gudunsu ɗaya ba: akwai mai saukar ungulu, akwai tsofaffin Spitfire da Lancaster na Yaƙin Duniya na Biyu, akwai Typhoon mai tsala gudu, dukansu sai sun taru tun daga gabashin ƙasar, sun bi layi guda, tsakanin wannan ayari da wancan daƙiƙu kaɗan, kowane matuƙi yana dogara ga idonsa wajen ganin na gefensa. Idan gajimare ya shiga tsakani, lissafin ya rushe.

To, me ya sa ake dagewa a ƙasa? Wasu sun ce taurin kan Ingilishi ne, wasu sun ce kuɗin da aka kashe da baƙin da aka gayyato ne suke hana ɗagawa. Ta biyun tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa hujja ba, domin an soke faretin ɗungurungum a 1955 saboda yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa, ba a kuma dubi asara ba. Fahimtata ita ce, abubuwan biyu manufarsu daban. Fareti nunin ɗa'a ne, ɗa'a kuwa ba ta bayyana sai da mashaƙƙa, saboda haka ruwan da ke tsiyaya daga hular soja yana ƙara wa abin daraja, kamar yadda ya ƙara wa Salote. Shawagi nunin ƙasaita ne, ƙasaitar da gajimare ya ɓoye kuwa ba ta amfani kowa ba, balle a saye ta da rayukan mutanen da ke ƙasa. Na san za a kawo mini 1948, shekarar da aka soke faretin saboda yanayi. Amma ai a tsawon shekara 70 na mulkin Elizabeth ba a maimaita haka ba ko sau ɗaya.

Shaida mafi ƙarfi ita ce 3 ga Yuni 2012, da aka yi jerin gwanon jiragen ruwa a Kogin Thames don cikarta shekara 60 a kan gado. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, aka soke shawagin jiragen sojan ruwa, amma ita tana da shekara 86, mijinta Philip yana da 90, suka yi sa'o'i a tsaye a kan jirgi cikin iska mai sanyi. Washegari aka kwantar da shi a asibiti. A nan, a ganina, an wuce haddi, kuma fadawan da suka tsara ranar sun cancanci zargi fiye da hafsan da ya hana jirage tashi.

Wani abin da masu gunaguni ba su cika ambata ba shi ne, ba ruwa ne yake kayar da soja ba, rana ce. A gwajin faretin da aka yi ranar 10 ga Yuni 2023, zafi ya kusa digiri 30, sojoji suna sanye da jar rigar ulu da doguwar hular nan ta fatar dabba, aƙalla uku suka sume a filin Horse Guards, aka ɗauke su a kan makara, masu badujala kuma ba su fasa busa ba.