Baba da Marina: Ɗan Tarihin Rini a Duniya

Ina yaro, kakata takan ce da ni, in ka ga hannu ya yi shuɗi, to, ba na rago ba ne. A lokacin na ɗauka rini sana'ar Kano ce kurum. Sai da na shigo jami'a na gane cewa baba ya daɗe da kewaye duniya.

Tsumma mafi tsufa da aka gano da rinin baba a ƙasar Peru aka tono shi, ya kai shekara 6,000. Mutanen Indiya da na Japan sun yi rini, Yarabawa ma da shi suke yin adire. Sirrin kuwa ɗaya ne ko'ina. Shuni ba ya narkewa a ruwa sai an haɗa shi da toka an bar shi ya ruɓa. In an tsamo zane yakan fito kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi.

A nan gida, ana cewa karofin Ƙofar Mata ya samo asali tun 1498. Da Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai rinannun tufafinta har Tambutu da Tarabulus. Buzaye kuwa ba su da abin ado kamar turkuɗi da rawani ɗan Kura, wanda mabuga suka buga har yana ƙyalli.

Amma baba bai zo wa kowa da alheri ba. A Bengal, Turawa sun tilasta wa talakawa noma shi a madadin shinkafa, har suka yi bore a 1859. Sa'an nan a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Kafin 1914 cinikin baban Indiya ya durƙushe. Daga baya wannan shuni, da yadin kanti mai araha, suka iso kasuwanninmu, rijiyoyin rini suka yi ta komawa juji.

Saboda haka ban yarda da masu cewa lalacin marina ne ya kashe sana'ar ba. Guguwar da ta ka da manomin Indiya ita ce ta iso karofi. Abin da ya rage gare mu ɗalibai shi ne mu je wurin dattawan da suka saura, mu rubuta kalmominsu, irin su katsi da zarta, tun suna da rai.