Daga Gizago Zuwa Inji: Yadda Ƙura Ta Shigo Sana'ar Katako

Duk wanda ya ratsa 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo a Kano da hantsi, ko ya shiga layin kafintoci a Panteka ta Kaduna, zai ga samari 'yan shekara ashirin ɗauke da furfurar da ba tasu ba. Gira fari, gashin kai fari, ƙofar hanci a toshe. Ƙurar katako ce. In ka yi magana sai a ce maka ai sana'a ce ta gada. Ni dai ban yarda ba. Aikin icce ya daɗe a ƙasar Hausa, amma wannan ƙurar baƙuwa ce, inji ne ya kawo ta, kuma tarihin zuwanta ya isa ya nuna mana abin da muka baro a hanya.

Kafin kafinta akwai masassaƙi. Kayan aikinsa gatari ne da gizago, sai ɗan ƙarfen da yake rarake ciki da shi. Shi ke fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujera 'yar tsuguno da ƙotar fartanya da sirdi da kwale-kwale. Ya san kirya ce ta turmi saboda taurinta, ya san aduwa ce ta allon karatu, ya san inda maɗaci da ƙawo da madobiya suka fi dacewa. Sau da yawa icce na ɗanye yake sassaƙa shi, a daji ko a gindin bishiya a bayan gari, iska na kaɗawa. Abin da gizago ke zubarwa sassaƙe ne, wani kamar tafin hannu, wani kamar yatsa, ya faɗi ƙasa ya tsaya inda ya faɗi har mata su zo su kwashe su hura wuta. Hatsarin masassaƙi a fili yake: gizago ya goce ya sami ƙwauri, ko bishiya ta faɗo ta inda ba a zata ba. Huhunsa kuwa lafiya lau. Magina ma ba su jira zarto ba. Azara ake tsagawa daga giginya a yi rufi, kuma da ƙasa da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar da Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Abin da ya sauya lamarin shi ne jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Gwamnatin Turawa tana son ofisoshi da barikoki da makarantu, kuma kwanon rufi ba ya zama sai a kan katako miƙaƙƙe. Ana bukatar ƙofa da taga da benci da tebur da akwati. Sai aka fara lodo yankakken katako daga kurmin kudu: iroko da obeche da afara da mahogani da mansoniya. Garin Sapele, wanda yanzu yake Jihar Delta, ya zama cibiyar wannan ciniki har wani irin icce ya ɗauki sunan garin a kasuwannin duniya, kuma a can kamfanin African Timber and Plywood na UAC ya kafa ƙatuwar masana'antarsa. Tare da katakon sai ga kafintoci daga kudu sun sauka a unguwannin Sabon Gari, 'ya'yan Hausawa suka shiga hannunsu suka koya.

Ko a wancan zamanin ƙura ba ta yi ƙarfi ba, don zarton hannu garinsa mai kauri ne. Baffana a irin wannan makarantar ya tashi, kuma har ya tsufa da hannu yake fere katako. Ina yaro nakan tsaya in ga ɓawon yana fitowa a nannaɗe, siriri har kana hango haske ta cikinsa, yana zuba a kan ƙafarsa. Da yamma tsintsiya ɗaya ta isa rumfar. Da ya ga an fara kai katako wajen masu inji, abin da ya ce mini shi ne, "Kai yaro, aikin da za ka yi ka kasa jin sallamar mutum, ka kasa ganin fuskarsa, ka yi hattara da shi."

Injinan sun yawaita ne bayan da lantarki ya bazu kuma kuɗin fetur ya kawo gine-gine a shekarun 1970. Injin tsaga katako da injin fere da na goge da samfefa suna yi a awa ɗaya abin da mutum zai wuni yana yi. Amma haƙorin da ke juyawa sau dubbai a minti ba ɓawo yake fitarwa ba, niƙa yake yi. Gashin kan mutum kaurinsa kusan maikiron 70 ne, ƙurar da ke wuce hanci ta gangara ƙirji kuwa ba ta kai maikiron 10 ba. Ido ba ya ganinta sai hasken rana ya ratso ta ɓular kwano, kuma takan daɗe tana yawo a iska bayan an kashe inji. Daga baya aka ƙara da allunan MDF, waɗanda niƙaƙƙen icce ne aka manne da gam mai sinadarin fomaldehaid, ƙurarsu ta fi ta katako laushi.

Ƙasashen da suka ƙera injinan nan sun riga mu ɗanɗana kuɗarsu. A ranar 2 ga Mayun 1878, masana'antar niƙa alkama ta Washburn da ke Minneapolis a Amurka ta tarwatse, mutum 18 suka mutu, kuma ba bam ba ne, garin fulawa ne da ya cika iska ya haɗu da tartsatsi. Daga nan masu masana'antu suka gane cewa duk abin da ke cin wuta, in ya zama gari ya tashi sama, yana iya fashewa. A 1885 wani Ba'amurke mai suna John M. Finch ya yi rajistar wata na'urar tara ƙura, wadda daga baya aka mayar da ita mai siffar mazurari. Fanka tana zuƙo iska mai ƙura ta shigar da ita ta gefe, iskar ta yi ta juyawa a ciki kamar guguwa, nauyin garin ya jefa shi jikin bango ya silale ƙasa cikin ganga, iskar kuma ta fita ta tsakiya ta sama. Ba ta da wani abu mai motsi ban da fankar. Masu yanka katako suka karɓe ta, kuma har gobe ita ce zuciyar yawancin injinan zuƙe ƙura.

Labarin ciwo ya fi na wuta jinkirin fitowa. Garin High Wycombe a Ingila ya shahara da yin kujeru. A da, masu yin ƙafafun kujera a cikin daji suke aiki da ɗanyen icce, kusan irin zaman masassaƙanmu. Da aikin ya koma cikin masana'antu masu inji, sai bayan shekaru wata likitar kunne da hanci da maƙogwaro, Esme Hadfield, ta lura cewa wata irin sankarar cikin hanci da ba kasafai ake ganinta ba tana yawan fitowa ga masu aikin kujeru. Likita Ronald Macbeth na Oxford ya buga bayanin a 1965, binciken Donald Acheson da abokan aikinsa na 1968 ya tabbatar, a 1969 kuma gwamnatin Birtaniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da ake biyan ma'aikaci diyya a kansu. A 1995 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Abin tsoron shi ne ciwon yakan ɗauki shekaru 30 ko 40 kafin ya bayyana. Kafin nan akwai asma da ciwon ido da ƙaiƙayin fata, kuma itatuwanmu na Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda aka fi sani da haka: obeche da iroko da asma, mansoniya da haɓo da ciwon kai.

Wutar ma ba ta zama tarihi ba. A 2012 masana'antun yanka katako biyu suka fashe a lardin British Columbia na Kanada, ɗaya a Burns Lake a watan Janairu, ɗaya a Prince George a watan Afrilu, kowacce ta ci ran mutum biyu, kuma busasshiyar ƙurar da ta taru ce sanadi. A Yulin 2015 wata masana'antar garin katako a Bosley ta Ingila ta kashe mutum huɗu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu da hunturu ke busar mana da komai ƙayau, ga wayoyin lantarki a tsirara, ga janareta da jarkar fetur a gefen tarin dusa, ba sai an ba mu labarin gobarar kasuwar katako ba.

To ga inda gizo ke saƙar. A bayan yawancin injinan da ke rumfunanmu akwai wani ɗan baki zagayayye da aka yi don a jona bututu. Je ka duba, za ka tarar da shi a buɗe yana feso gari, ko an ɗaura masa buhu. Mun sayo rabin inji mun bar rabi a can. Alhali haɗa wancan rabin ba wani sihiri ba ne. Ƙa'ida ta farko ita ce a kama ƙura a bakin haƙori kafin ta tashi. Bututun ya zama gajere, miƙaƙƙe, mai faɗin inci 4 ko fiye, ba mai lanƙwasa da yawa ba, don kowace kwana tana rage ƙarfin zuƙa, in iska ta yi sanyin gudu kuwa garin kwanciya yake yi a ciki ya toshe. In injinan da yawa ne, a sa wa kowane reshe marfi, a buɗe na wanda ake aiki da shi kawai. Mazurari da ganga su zo kafin fanka don su tare manyan gutsattsari, matata ta zo a ƙarshe. Jakar yadi mai manyan ƙofofi tana riƙe abin da ba ya cutarwa ne ta saki wanda ke cutarwa, saboda haka ko a samu matata mai tace har maikiron 1, ko a ajiye na'urar a waje inda iskar ba za ta komo rumfa ba, ba kuma za ta faɗa gidan maƙwabci ba. Bututun ƙarfe a haɗa shi da wayar ƙasa. Kada a wasa ƙarfe kusa da bakin zuƙa, don tartsatsi ɗaya in ya shiga ganga yana iya kwana yana ci a ɓoye. A juye gangar kullum kafin a tashi.

Akwai al'adu uku da ya kamata a binne. Na farko, shan madara bayan aiki wai tana wanke ƙura: madara ciki take tafiya, ƙura huhu. Na biyu, ɗaura ƙyalle a hanci, wanda ƙura mai laushi ke ratsawa ba tare da ta yi sallama ba. Takunkumin da ke aiki shi ne irin N95 ko FFP2 zuwa sama, wanda ya kama fuska sosai. Na uku, hure inji da tufafi da bututun iska, ko share busasshiyar dusa da ƙarfi, wanda tayar da abin da ya riga ya kwanta ne. A yayyafa ruwa kafin shara, a riƙa goge saman katakon rufi da kan fitilu, nan ne take taruwa ba a sani ba.

Na san abin da maigida zai ce: wuta ba ta tsayawa, man janareta ya yi tsada, ina kuɗin ƙarin mota? Maganarsa da gaskiya. Sai dai mazurari da ganga aiki ne da kowane mai walda a Panteka zai iya yi da falle ɗaya na ƙarfe da tsohon duro, kuma dusar da aka tara a tsabtace kaya ce ta sayarwa, masu kiwon kaji da masu murhun dusa suna nemanta. Ta MDF da ta katakon da aka shafa wa maganin gara ce kawai ba ta dace da kaji ko girki ba, sai a ware ta.

Kirana ga ƙungiyoyin kafintoci da shugabannin kasuwannin katako shi ne su mayar da injin zuƙe ƙura sharaɗi ga duk rumfar da ke da injin fere ko na samfefa, ko da rumfuna uku ko huɗu ne za su haɗa kuɗi su yi guda. Maigida kuma ya tuna cewa yaron da aka kawo masa yana ɗan shekara 13 amana ce, shi ake turawa shara da samfefa, shi ya fi kowa shaƙa, kuma shi ne ke da shekaru 40 a gaba da ciwon ke bukata kafin ya nuna kansa. Wanda ya koya wa yaro riƙe zarto, wajibi ne ya koya masa kare numfashinsa.