Mahauta Huɗu da Shanun Amurka

A cikin kowane shanu ɗari da aka yi wa kiwon turke aka yanka a Amurka yau, kimanin 85 ta hannun kamfanoni huɗu kacal suke bi: Tyson, Cargill, JBS da National Beef. Biyun ƙarshe ma akalarsu tana hannun 'yan Birazil. Makiyayan can suna kukan cewa kasuwar da masu saye huɗu suka mamaye ba a ciniki a cikinta, sai dai a faɗa maka farashi. Kamfanonin kuwa cewa suke yi girmansu ne ya sa nama ya isa tukunyar talaka. Gardamar ta haura shekara 130.

Daga Shikago ta samo asali. A 1865 aka buɗe babbar karar Union Stock Yards, inda layukan dogo suka haɗu. A lokacin da ransu ake loda shanu zuwa biranen gabas, mahautan kowane gari su yanka nasu. Dabba ta rame a hanya, wata ta mutu, ga kuɗin dakon fata da ƙaho da kayan ciki. Wajen ƙarshen shekarun 1870 Gustavus Swift ya samar da taragon jirgi mai ƙanƙara, ya riƙa yankawa a Shikago yana aika naman kawai. Manyan kamfanonin jirgin ƙasa suka ƙi ɗaukar masa kaya don kada su rasa dakon shanu, sai ya zaga ta layin Grand Trunk da ke ratsa Kanada. Kafin a ankara, naman Shikago ya durƙusar da ƙananan mahauta a garuruwa da dama.

Swift da Armour da Morris, daga baya Cudahy da Wilson, su ne manyan biyar na wancan zamani. Tun 1888 majalisar dattawa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata George Vest don bincikar su, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a kansu a 1905. A 1906 Upton Sinclair ya fitar da littafinsa The Jungle da nufin nuna uƙubar ma'aikatan kwata, amma ƙazantar naman ce ta tayar wa jama'a hankali, aka yi dokar duba nama, batun kasuwa ya tsaya yadda yake. Sai a 1917 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hukumar kula da gasar kasuwanci ta tono lamarin, ta gano manyan biyar suna da hannu a karar kanta, da taragun ƙanƙara, da ɗakunan sanyi, har da jaridun da ke buga farashin shanu. A 1920 suka amince a gaban kotu za su saki da yawa daga cikin waɗannan, a 1921 kuma aka kafa dokar Packers and Stockyards, wadda ake tafka shari'a a kanta har yau.

Ƙarfinsu ya ragu, ko da yake a ganinmu manyan motoci da kwalta sun fi doka aiki a nan, tunda kowa ya samu damar gina kwata kusa da shanu ba tare da dogo ba. A 1980 manyan huɗu kashi 36 cikin ɗari kawai suke yankawa.

Amma tuni wanda zai juya al'amarin ya bayyana. Kamfanin IBP, da aka kafa a jihar Ayowa a 1960, ya gina manyan kwatoci a karkara kusa da wuraren turke, ya rarraba aikin mahauci zuwa ƙananan ayyukan da sabon ma'aikaci mai ƙaramin albashi zai koya da wuri. Daga 1967 ya fara yayyanka naman yana rufewa a leda da kwali, maimakon aika rabin sa a rataye. Karar Shikago ta rufe a 1971. Kotuna su ma sun sauya tunani: matuƙar mai sayen nama a kanti bai cutu ba, girman kamfani ba laifi ba ne. Kamfanin Monfort ya kai ƙara don hana Cargill haɗiye wani abokin gasa, Kotun Ƙoli ta ba Cargill gaskiya a 1986, shekara ta zagayo aka saye Monfort ɗin kansa. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 rabon manyan huɗu ya kai kusan kashi 80. Tyson ya saye IBP a 2001, JBS ya saye Swift a 2007.

Inda muka fi ganin nauyin hujjar makiyaya shi ne yadda ake samo farashi. Mu da muka saba da kara mun san farashi daga taya da albarka yake fitowa, wannan ya taya, wancan ya ƙara. A Amurka yanzu yawancin shanun turke ba a taya su. Mai turke yana ƙulla yarjejeniya da kamfani tun kafin shanun su isa yanka, cewa za a biya shi bisa farashin da aka samu a cinikin fili na wancan mako, a ƙara ko a rage gwargwadon kyan naman. Tsarin yana da amfani, don mai kiwo mai kyau yana samun ladarsa. Matsalar ita ce cinikin filin da kowa ya jingina da shi ya ƙanƙance, daga kusan rabi a 2005 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Kamfanin da ya riga ya tara shanun yarjejeniya zai iya ƙin leƙa kasuwa na mako ɗaya ko biyu, farashin fili ya sauka, kuɗin duk shanun yarjejeniyar ya sauka tare da shi. A 2004 masu taya alƙali yanke hukunci a Alabama suka yarda da makiyaya a ƙarar Pickett da Tyson, suka ƙiyasta asararsu a dala biliyan 1.28. Alƙalin ya soke, kotun ɗaukaka ƙara ta goya masa baya.

A watan Agustan 2019 gobara ta tsayar da kwatar Tyson da ke Holcomb a Kansas, mai yanka shanu kusan 6,000 a rana. Farashin nama ya tashi, na shanu ya faɗi. Haka aka sake gani, har ya fi muni, lokacin korona a 2020. A 2021 kuma masu kutsen kwamfuta suka tsayar da kwatocin JBS, sai da kamfanin ya biya fansar dala miliyan 11. Duk mai gina manhaja ya san haɗarin ɗora tsari kacokan a kan na'ura ɗaya.

Kamfanonin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce: idan kwata ta tsaya, shanu sun yi wa wuƙa yawa, nama ya yi wa kanti kaɗan, ba sai an haɗa baki ba. Masana tattalin arziki da dama kuma sun nuna babbar kwata ta fi ƙarama arahar aiki. JBS dai ya biya dala miliyan 52.5 a 2022 don sasanta wata ƙarar haɗa baki kan farashi, ba tare da amsa laifi ba, gwamnatin Biden kuma ta ware dala biliyan ɗaya don tallafa wa ƙananan kwatoci. Sai fari ya shigo: a farkon 2024 garken Amurka ya sauka zuwa kusan miliyan 87, mafi ƙaranci tun 1951, farashin shanu ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, sashen naman shanu na Tyson kuma ya koma tafka asara.