Lambu a Kan Soro: Tarihin Noman da Birni Ya Ɗaga Sama

Duk wanda ya ga tumatir ko barkono a cikin bokiti a saman wani bene zai zaci sabon yayi ne da matasa suka kwaso daga intanet. Alhali al'adar ta kusa shekara dubu a rubuce, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin shaidunta daga nahiyarmu ta fito, daga ƙasar Masar.

A shekarar 641 Amru bin Al-As ya kafa garin Fusɗaɗ a gabar kogin Nilu. A 969 kuma Faɗimiyyawa suka gina Alƙahira a arewa da shi. Alƙahira ta zama mazaunin sarauta da mayaƙa, Fusɗaɗ ta ci gaba da zama garin fatake da masu sana'a. Da jama'a suka yi yawa, fili ya yi wuya, sai magina suka koma ɗora ɗaki a kan ɗaki.

A watan Safar na 439 bayan Hijira, wato 1047, wani malami Bafarishe mai suna Nasiru Khusrau ya iso Masar, a zamanin halifa Al-Mustansir. Ya baro garin Marwa ne a 1046, ya yi shekara bakwai yana tafiya, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafinsa Safarnama. A ciki ya ba da labarin gidajen Fusɗaɗ masu hawa bakwai, wasu har goma sha huɗu. Ya ce an ba shi labarin wani mutum da ya yi lambu a kan gida mai hawa bakwai. Da yake ba yadda za a yi a hau da babban sa ta matakala, sai mutumin ya hau da ɗan maraƙi, ya yi kiwonsa a can sama har ya girma, sa'an nan ya ɗaura shi yana juya na'urar ɗebo ruwa irin wadda Misirawa ke kira saƙiya. Da wannan ruwa ya raya lemo da ayaba da furanni da ganyaye masu ƙamshi.

Labari na biyu da ya kawo ya fi wannan amfani gare mu, domin yana nuna abin ya zama sana'a. Ya ce akwai masu rainon itatuwa a cikin manyan tukwane a kan soraye, irin su lemo da rumman da tuffa, da wardi da kayan miya. In mai hali yana son lambu, a kowane wata na shekara, sai ya je wajen dillali ya saya. 'Yan dako su ɗaura tukunyar a jikin sanduna su ɗauko, a haƙa rami a saka ta, a fasa ta a cire katangar, itace ya ci gaba da rayuwa kamar ba a taɓa shi ba. Dabarar da masu sayar da dashe a bakin titi ke yi yau da baƙar leda ke nan, sai dai su da yumɓu suka yi ta.

Amma tarihin garin bai tsaya a kan wannan ni'ima ba. Ƙasa da shekara ashirin bayan zuwan Nasiru, daga 1065 zuwa 1072, Masar ta shiga yunwar da malaman tarihi na Larabawa ke kira babbar tsanani. Nilu ya ƙi cika, rundunonin halifa suka kama yaƙi da juna, hatsi ya daina shigowa gari, har dukiyar fada da littattafanta suka watse. Tukwanen kan soro ba su ceci kowa ba, domin lemo da na'ana'a ba sa maye gurbin alkama. A 1168 kuma waziri Shawar ya sa aka cinna wa Fusɗaɗ wuta don kada ta faɗa hannun mayaƙan Turawa 'yan Salibi. Darasin farko ke nan: soro yana iya ɗaukar nauyin miya, amma tuwo daga gona yake fitowa.

A zamaninmu matsin fili ne ya sake dawo da al'adar. Kusan dukkan Misirawa a kwarin Nilu da bakinsa suke zaune, a wani ɗan yanki ƙarami na faɗin ƙasarsu, kuma gine-gine na ta cinye gonaki. A farkon shekarun 2000 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tare da masana aikin gona na ƙasar, ta koya wa iyalai a Alƙahira da Iskandariyya noman ganye a saman gidajensu.

A yankinmu na Yammacin Afirka kuwa, Dakar ce ta yi fice. A 1999 aka fara shirin ƙananan lambuna a can, da haɗin gwiwar FAO da gwamnatin Senegal. Dabararsu mai sauƙi ce. A haɗa tebur da tsofaffin katakai, a shimfiɗa leda a ciki, a huda wurin fitar ruwa. Maimakon ƙasa, sai a zuba ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da tsakuwar marmara, ana shayar da shuka da ruwan da aka narka taki a ciki. Ruwan da ya tsiyayo a tare shi a mayar. Bisa lissafin FAO, tebur mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana iya ba da kilo 30 na tumatir a shekara, ko kan latas 36 duk kwana 60, ko albasa 100 duk kwana 120. Dubban mutane suka koya, akasarinsu mata, kuma a 2008 shirin ya sami lambar yabo ta Dubai.

Zaɓen ɓawon gyaɗa yana da dalili, kuma shi ne darasi na biyu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi ƙwarai. Bokiti mai cin lita 20, in aka cika shi da ita, yakan kai kilo 30 ko fiye, ka ga hamsin irinsa sun kai tan ɗaya da rabi. Rufin kwano ba zai ɗauki wannan ba, rufin kankare ma sai an tambayi magini, a jera kayan a kan bango da ginshiƙi, a kuma tabbatar ruwa yana bin indararo, ba ya kwanciya ya ci rodi. Wanda ke zaman haya kuwa, neman izinin mai gida shi ne matakin farko, don kada barkono ya jawo shari'a.

Mu nan Ghana ba baƙi ba ne a wannan darasi. Dattawanmu na tune da 1972, lokacin da gwamnatin Acheampong ta kawo shirin Operation Feed Yourself, aka ga bayan gida da harabar makarantu sun koma gonaki. Suna tune da 1983, shekarar fari da gobarar daji, wadda a cikinta aka koro kimanin mutum miliyan ɗaya daga Najeriya. Matasa kuma sun ga 2023, sa'ad da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar, motocin albasa suka maƙale a hanya, farashi ya tashi a kasuwannin Akra da Kumasi. Har yau yawancin albasar da muke ci daga Nijar take zuwa, tumatir mai yawa kuma daga Burkina Faso, ta hanyoyin da ba mu da iko a kansu.

Abin da ya bambanta 1972 da yau shi ne fili. Bayan gidan da kakanninmu suka shuka kuɓewa a Nima ko Sabon Zango ya zama ɗakin haya ko shago. Abin da ya rage mana shi ne baranda, da gefen katanga, da saman benayen da ake ginawa. Tsohon buhu da aka huda, ko rabin jarka, ya isa alayyafo, da rama, da yakuwa, da ɗoɗɗoya, da barkono, matuƙar wurin yana samun rana ta kamar sa'a shida. Wanda ya shayar da ganyensa da hannunsa kuma ya san ruwan da ya sha, abin da mai saye a kasuwa ba ya sani. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mutanen Fusɗaɗ sun hau da maraƙi hawa bakwai don su ga kore a saman gidansu. Mu abin da ake nema gare mu bai wuce bokiti biyar da kulawar safe da yamma ba. Allah Ya sa albarka a abin da muka shuka.