Jinyar Yara Ta Hanyar Wasa: Mece Ce, Kuma Me Iyaye Za Su Iya Yi a Gida?

Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, cikin watan Fabrairun 2021, wasu 'yan uwa sun sauka a gidanmu na ɗan lokaci. Cikinsu akwai yaro ɗan shekara 6. Kullum da yamma sai ya tara gwangwanayen madara da kwalayen ashana, ya jera su kamar rumfuna, sannan ya sa ƙafa ya watsar yana cewa "wuta, wuta, ku gudu!" Sai ya sake jerawa. Mahaifiyarsa ta sha buge masa hannu, tana cewa mugun fata yake musu. Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Daga baya ne na gane cewa yaron labari yake ba mu, da harshen da ya iya.

A kan wannan fahimta aka gina abin da masana ke kira jinya ta hanyar wasa. Babba idan abu ya dame shi yakan samu wani ya amayar masa da cikinsa. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 12, wato shekarun da aka fi amfani da wannan hanya, bai da kalmomin da zai ce "ina tsoron a sake ƙona mana gida". Amma ka ba shi 'yar tsana da mota da yashi, zai nuna maka.

Daga ina abin ya samo asali?

A shekarun 1920 wasu mata biyu masu nazarin halayyar ɗan Adam a Turai, Melanie Klein da Anna Freud, suka riƙa amfani da kayan wasa wajen fahimtar damuwar yara, ko da yake sun yi saɓani sosai kan yadda za a fassara abin da yaro ke yi. A Landan, likitar yara Margaret Lowenfeld ta ɓullo da faranti mai yashi da ƙananan mutum-mutumi a 1929, inda yaro ke gina duniyarsa yadda ya ga dama. Wadda ta fi yin tasiri a yau ita ce Ba'amurkiya Virginia Axline, da littafinta na 1947. Ra'ayinta shi ne yaro ne zai ja gaba, babba ya bi shi a baya, ba gyara, ba wa'azi, ba tambayoyin ƙure.

Yadda ake yi

Yawanci zama ɗaya a mako ne, minti 30 zuwa 50, a ɗaki guda, a lokaci guda, saboda yaron da rayuwarsa ta hargitse yana bukatar abin da ba ya canzawa. Ba a zuba kayan wasan da ka: akwai na gida da iyali, kamar 'yan tsana da tukwane, akwai na huce fushi, kamar sojojin roba da namun daji, akwai na ƙirƙira, wato yumɓu da fenti da takarda.

Aikin mai jinyar kuwa shi ya fi ba ni mamaki. Ba ya cewa "me ya sa ka rushe?" Sai dai ya faɗi abin da yake gani: "Ka rushe su duka. Mutanen nan sun ji tsoro." Da haka yaro ke jin an gane shi, kuma a hankali yana koyon sunan abin da ke cin sa. Sannan a cikin wasa shi ne mai iko. Ranar da abin ya faru ba shi da ta cewa, an dai ja hannunsa an gudu. A gaban gwangwanayensa kuwa shi ke kunna wutar, shi zai iya kawo motar kashe gobara.

Kada a ɗauka sakin yaro ake yi sakaka. Akwai iyaka, sai dai da salonta: a amince da abin da yake ji, a faɗi dokar, a ba shi mafita. Misali, "Na ga ranka ya ɓaci. Ni ba abin duka ba ne. Ga matashi nan, shi za ka iya duka."

Wasan da ke nuna akwai matsala

A 1976 an sace yara 26 da motar makarantarsu a garin Chowchilla na jihar Kalifoniya. Likitar ƙwaƙwalwa Lenore Terr ta bibiyi yaran shekaru, ta lura wasunsu suna ta maimaita wasan abin da ya same su ba tare da sun samu sauƙi ba. Bambancin ke nan. Wasan da ke warkarwa yana motsi, yau an gudu, gobe an samu mai ceto, jibi an sake gina kasuwa. Wanda ya tsaya cak, kullum ƙarshensa ɗaya, yaro ya tashi jikinsa na rawa, wannan na bukatar masani. Haka ma idan ya haɗu da firgita cikin barci, ko dawowar fitsarin kwance ga wanda ya riga ya daina, ko daina magana, ko wasan da ke nuna ya san abin da ya fi ƙarfin shekarunsa game da tsiraici. A irin wannan na ƙarshe, don Allah kada a titsiye yaro da tambayoyi ko duka, a kai shi asibiti.

Tofi da addu'a ba su hana wannan. Mai zazzaɓi ma ana yi masa addu'a, ana kuma ba shi magani. Haka kuma wasa ba ya maganin farfaɗiya ko matsalar ji; waɗannan gwajin likita suke so.

Rabon iyaye

Gaskiya ƙwararru a wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan. Amma a 1964 Bernard Guerney da matarsa Louise suka fito da tsarin horar da iyaye su riƙa yin zaman da kansu, kuma wani nazari na 2005 da ya tattara bincike 93 ya gano cewa amfanin ya fi fitowa inda aka sa iyaye a ciki.

Abin da ake nema minti 30 ne a mako. Ka ajiye waya, ka zauna ƙasa, ka bar shi ya zaɓa. Kada ka mai da shi darasi, ba "wane launi ne wannan", ba "ƙirga min". Ba sai an sayi kayan kanti ba. Gwangwani, tsumma, murfin kwalba da yashi a tsohon faranti sun isa. Na san halin da muke ciki a nan Kudu: ɗaki ɗaya a gidan haya, ba tsakar gida irin ta Arewa, yaro daga boko sai lesin sai Islamiyya, uba a kasuwa tun asuba. Langa da carafke da tuwon ƙasa da muka taso da su duk sun rasa fili. Shi ya sa rabin awar nan sai an ware ta da gangan, in ba haka ba ba za ta samu ba. Dokar ƙasa da ƙasa ma ta san da zancen: sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya lissafa wasa cikin haƙƙoƙin yaro.

Ga wanda ke bukatar asibiti, a Legas akwai cibiyar yara da matasa ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na Yaba, wadda ke Oshodi. A Ibadan akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara a asibitin koyarwa na UCH, a Abeokuta kuma asibitin Aro. A sauran garuruwa a fara da likitan yara a asibitin koyarwa mafi kusa, a nemi ya tura ku wajen masanin halayyar yara. In yaron Hausa kaɗai yake ji, a faɗa tun farko, a kuma tafi da wanda zai yi tafinta wanda yaron ya saba da shi.