Shekarar Sanƙarau: Wa Za A Fara Ba Magani?

Mai karatu, in kana Kafin Dafga ko wani ƙauye na Karaye da Rogo, tambayi dattawa labarin bazarar 1996. A shekarar nan sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, kuma Kano na cikin inda ya fi tsanani. Gadaje suka yi kaɗan, allurar rigakafi ta kasa isa kowa.

Wannan ƙarancin ne ya sa a 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF da Red Cross suka kafa kwamitin ICG, mai ajiye rigakafin gaggawa. Ƙa'idarsa ita ce ƙasar da ke nema ta kawo shaidar annoba da nau'in ƙwayar cutar, sannan a aika inda haɗari ya fi yawa. Da sanƙarau nau'in C ya ɓarke a 2017, kashin farko na allura 500,000 ne kawai, aka fara da wuraren da cutar ta fi ƙamari, musamman a Zamfara.

Ma'aunin nan shi ne na ɗakin gaggawa: wanda jinkiri zai iya kashewa shi ake fara dubawa, ko da ya zo daga baya. Saboda haka in aka wuce da wani gabanka, ka yi haƙuri. Amma in yaronka na da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko yana jijjiga, kada kunya ta zaunar da kai a layi. Sanar da ma'aikaciyar jinya nan take.